Daga 1080 Ti guda biyu zuwa kati ɗaya: yadda muka yi lissafin canza katin girafik mai sanyin ruwa

Injin da ake magana a kai an haɗa shi ne a ƙarshen 2017, kuma a lokacin gaskiya babu abin da zaka nuna masa. Furosesa Intel i7-8700K, katin girafik GTX 1080 Ti har guda biyu an haɗe su da SLI, wato tsarin Nvidia na sa kati biyu su yi aiki tare, kowanne da bulok ɗinsa na ruwa, farantin ƙarfen da ruwa ke ratsawa yana kwashe zafi, wanda ya rufe katin gaba ɗaya, famfo D5, lagireto biyu, ɗaya 360 ɗaya 240, fawa saflai mai wat 1000, tiyo kuma irin mai tauri ɗin nan da ake lanƙwasawa da zafi. Mai injin ƙanin wani abokina ne, gem yake bugawa a monita 1440p mai 144Hz, sai ɗan yankan bidiyo jefi-jefi. A farkon 2024 ya kawo min maganar canza kati, kuma tambayarsa ɗaya ce, "Yaya, wane kati ne zai fi bani ƙarfi a kan kuɗin da nake da shi?" Kuɗin da ya ware bai fi na sabon kati matsakaici guda ɗaya ba, sai kuma abin da zai samu idan tsofaffin sun fita.

Na rubuta yadda abin ya gudana ne saboda masu sanyaya inji da ruwa da yawa suna shiga irin wannan tsaka mai wuyar, kuma yawancin shawarar da ake ba su shawarar masu fanka ce, wadda lissafinta daban ne.

Abu na farko da muka duba shine me injin yake bashi a zahiri. GTX 1080 Ti ya fito a watan Maris na 2017 a kan dala 699, da memori 11GB, yana cin wat 250, kuma har yau ana ambatonsa cikin katunan da suka fi daɗewa suna amfani. Matsalar tana wajen SLI ɗin. Nvidia ta sanar cewa daga 1 ga Janairu 2021 ta daina fitar da sabbin furofayil na SLI, wato saitin da ke sa gem ya yi amfani da kati biyu, a direbobinta, manhajar da ke tafiyar da katin, a jerin RTX 30 ma 3090 da 3090 Ti ne kaɗai suka zo da wajen haɗa kati biyu, a RTX 40 kuma an cire shi gaba ɗaya. Ma'ana duk gem ɗin da yake bugawa na shekarun nan kati ɗaya ne yake aiki, ɗayan yana zaune ne kawai ruwa na ratsa shi. A tsofaffin gem ɗin da suke amfani da biyun kuma, zafin wat 500 ne yake zubowa cikin lagireto 360 da 240 ban da na furosesa, shi yasa fankokin suke ihu. Masu wannan harka suna da wani ƙiyasi na kusan lagireto 120 ɗaya ga kowane wat 100 idan ana son shiru, ba doka bace amma tana kusa da gaskiya, kaga kenan nasa a matse yake tun farko. To da muka gane haka sai ma'aunin ya canza, duk katin da za a saya da 1080 Ti guda ɗaya za a gwada shi, ba biyu ba.

Abu na biyu, kuma shine zuciyar maganar, shine raba kayan gida biyu, wanda zai bi shi zuwa sabon kati da wanda zai mutu tare da tsohon. Famfo, tanki, lagireto, fankoki da fitin, wato mahaɗan tiyo, duk za su ci gaba da aiki, domin kusan kowa a harkar zaren G1/4 yake amfani da shi, fitin ɗin 2017 zai shiga bulok ɗin 2024 lafiya lau. Amma bulok ɗin kati kamar rigar da tela ya auna mutum ɗaya ya ɗinka masa ce, an sassaƙa shi ne daidai inda cif, ƙwaƙwalwar katin, yake, inda memori suke, inda kayan rarraba wuta suke a kan allon wannan katin kaɗai. Ranar da ka sauke katin ranar bulok ya gama aiki. Kuma ba abu bane mai araha, a lokacin sabo daga wajen dala 100 na irin su Bykski da Barrow yake farawa, na EKWB, Alphacool, Heatkiller da Aqua Computer kuma sau da yawa ya kai ko ya haura dala 200 idan an haɗa da faifan baya. Don haka na ce masa farashin da yake gani a jikin kati ba shine farashinsa ba. Nasa farashin shine kati, da bulok, da fad da fes, wato shimfiɗa da man da ke miƙa zafi zuwa bulok, da sabon ruwa, da tiyon da za a sake lanƙwasawa tunda bakin shiga da fitar ruwa ba zai zo wuri ɗaya ba, sannan a cire abin da zai iya dawowa ranar da za a sake sayarwa. A wannan na ƙarshen ne mutane suka fi yaudarar kansu, bulok ɗin da ka saya sabo da tsada idan shekara uku ta zagayo da ƙyar ka samu ɗan wani abu a kansa.

Da wannan ma'aunin muka bi katunan ɗaya bayan ɗaya.

RTX 4090 shine wanda zuciyarsa take so, kuma ban ga laifinsa ba. Ya fito a Oktoba 2022 a kan dala 1,599, memori 24GB, wat 450, irin katin da ruwa yake yi wa amfani sosai. Amma a wannan lokacin ko a farashin kamfanin ba a cika samunsa ba, ga bulok a kai, ga maganar sabon filogi 12VHPWR wanda aka yi ta samun rahoton narkewarsa idan bai shiga har ƙarshe ba, shi kuma fawa saflai ɗinsa tsoho ne sai da adafta. Wanda ya fi duka, 8700K mai kwa shida, wato sassan lissafi shida a cikinsa, ba zai iya ciyar da 4090 a 1440p ba, zaka biya kuɗin ƙarfin da furosesa zai riƙe maka rabinsa. Mun wuce shi da sauri. RTX 4080 Super da ya fito a ƙarshen Janairu 2024 a kan dala 999 da RX 7900 XTX mai memori 24GB shi ma a kan dala 999, duka katuna ne masu kyau, amma idan ka ɗora bulok sabo a kan kowanne an riga an ninka abin da ya ware.

Wanda muka daɗe a kansa shine RTX 4070 Super, domin duk wanda ka tambaya a lokacin shi zai ce maka. Dala 599, memori 12GB, wat 220 kacal, ƙarfinsa kuma ya ɗan ɗara na 3080, ga DLSS, fasahar Nvidia mai ƙara saurin gem, ga garanti sabo. Ga mai fanka wannan shawara ce mai kyau wallahi, ni ma ita zan bayar. Amma duba shi ta idon mai ruwa. Idan ka saya masa bulok na dala 150 zuwa 200 ka ƙara kusan kwata zuwa sulusin kuɗin katin, kuma me zai dawo maka da shi? Katin wat 220 dama ba ya wahalar da fankarsa, ba ya ƙara, ba ya kaiwa zafin da zai sa ya ja da baya. Katunan Nvidia na zamani suna sauke gudunsu kaɗan-kaɗan, wajen 15MHz a kowane mataki, yayin da zafi ke hawa, to idan ka sauke shi daga digiri sittin da wani abu zuwa arba'in da wani abu 'yan matakai kaɗan ka ƙwato, abin da ido ba zai gani a firem ba, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa. Sannan ƙananan katuna ba kowane samfuri ake yi wa bulok ba, masu ƙera bulok sun fi bin manyan katuna. Na gaya masa ƙarara, idan 4070 Super zai saya to ya barshi da fankarsa, ruwan ya tsaya a furosesa kawai, kuma wannan hanya ce mai mutunci babu abin kunya a ciki. Sai ya ce, "Yaya ni fa saboda shirun nan na haɗa ruwan, kuma bana son in buɗe kes in ga rabi ruwa rabi fanka." Wannan zaɓinsa ne kuma yana da haƙƙi, aikina kawai in tabbatar ya san nawa son nan zai ci masa.

Daga nan ne muka juya kasuwar na hannu, kuma anan ribar mai ruwa take ɓoye. Katin da aka ɗaura wa bulok masu sayensa kaɗan ne, domin wanda bashi da famfo da lagireto ba zai iya ko kunna shi ba. Mai sayarwa yakan kashe kuɗi mai yawa a kan bulok, amma ranar sayarwa sai ya tarar mutane ɗari suna neman mai fanka, mutum biyu ko uku ne suke kallon nasa, daga ƙarshe ya saki kati da bulok a kusan kuɗin katin kaɗai, wani lokacin ma ƙasa da haka idan ya ɓatar da fankar asali. Wannan asara ce ga mai sayarwa, ga wanda yake da layin ruwa a shirye kuma bulok ne kusan kyauta. Ƙari a kan haka tun da kuɗin kirifto na Ethereum ya bar haƙa da katin girafik a ranar 15 ga Satumba 2022 katunan RTX 30 da RX 6000 suka cika kasuwa, farashinsu ya sauko sosai. Katin da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin ruwa kuma yawanci bai sha zafi kamar ɗan uwansa mai fanka ba, ko da yake wannan ba tabbas bane, sai an duba.

Uku muka sa a gaba a wannan ɓangaren. RTX 3080 na Satumba 2020, dala 699 a farko, wat 320, ƙarfinsa ya kusa ninka 1080 Ti ɗaya. Abin da ya tsaya min a rai shine memorinsa 10GB ne, wato ƙasa da 11GB na katin da yake son rabuwa da shi, a daidai lokacin da sabbin gem suke ta ƙara cin memori. Akwai mai 12GB da ya fito a farkon 2022 amma bai yi yawa ba. RTX 3090 yana da 24GB, sai dai rabin memorin nasa a bayan allo suke, guda goma sha biyu, kuma GDDR6X yana zafi sosai har ya kai digiri 110 inda katin zai fara rage gudu don kare kansa, bulok na gaba ba ya taɓa na bayan, shi yasa masu 3090 da yawa sai sun ƙara faifan baya mai ruwa, wani kuɗin kenan da wasu fitin. Bambancinsa da 3080 a gem kuma bai taka kara ya karya ba, masu aikin CUDA, wato manhajojin lissafi masu gudu a katin Nvidia, da manyan fayil ne suke riƙe farashinsa sama. Shi ba ya wannan aikin.

Na ukun shine RX 6800 XT. Ya fito a Nuwamba 2020 a kan dala 649, memori 16GB GDDR6, wat 300, filogi biyu masu fin takwas irin wanda fawa saflai ɗinsa yake da su har da ragi. A 1440p kafaɗa da kafaɗa yake da 3080, wani gem wannan ya wuce wani gem wancan. Inda ya gaza a bayyane yake, bin hasken nan da ake kira re tiresin ya fi rauni a kansa, babu DLSS sai FSR, makamancinsa na AMD, kuma wajen naɗar bidiyo da yaɗa gem kai tsaye na Nvidia ya fi kyau. Na tambaye shi sau nawa yake jin zai kunna re tiresin, ya ce gem ɗinsa na harbi ne da tsere, firem yake nema. To shikenan. Sannan akwai wani abu da ya ƙara masa daraja a idon mai ruwa, katunan da aka yi a kan zanen AMD na asali, 6800 da 6800 XT da 6900 XT, tsarin allonsu ɗaya ne ta yadda bulok guda yake hawa dukansu. Wato ko gaba ya samu 6900 XT a sauƙaƙe ba sai ya sake bulok ba, idan katin ya mutu ma bulok ɗin bai mutu da shi nan take ba.

Anan zan ɗan tsaya a kan maganar allo saboda nan ne kuɗin mutane yake ƙonewa. Sunan cif ɗaya ba ya nufin allo ɗaya. Asus Strix, MSI Gaming X Trio, Sapphire Nitro+, PowerColor Red Devil, kowanne da nasa allon, da tsawonsa, da inda ya jera kayansa. A jerin RTX 30 ma abin ya ƙara rikitarwa, domin Founders Edition na Nvidia allonsa gajere ne mai yanka kamar harafin V, kuma daban yake da allon da ake kira refarens wanda wasu kamfanoni suka bi, mutane da yawa sun sayi bulok na refarens suna zaton zai hau Founders. Wani lokacin kamfani ma yakan canza wani ɗan abu a allon a tsakiyar tafiya, sunan kati na nan amma kafasita ɗaya ya ƙara tsayi, bulok ya ƙi zama. Don haka mai ruwa bulok yake fara nema kafin kati, ya duba jerin katunan da maƙerin ya ce yana hawa, da cikakkiyar lambar samfuri ba sunan da ke jikin kwali kawai ba. Idan ka sayi kati da bulok a haɗe daga hannun wanda ya yi amfani da su, wannan ciwon kan gaba ɗaya an ɗauke maka shi.

Mun kuma leƙa katunan da suke fitowa daga kamfani da bulok ɗinsu, irin su PowerColor Liquid Devil, Aorus Waterforce WB, ASRock Aqua, Inno3D Frostbite, da EVGA Hydro Copper kafin EVGA ta bar harkar katin girafik a Satumba 2022. Amfaninsu ba zaka kwance komai ba kuma garanti yana nan daram idan sabo ne. Illarsu basu da fanka kwata-kwata, ranar sayarwa kai ne zaka koma wancan mai neman mutum biyu ko ukun, kuma idan inji ya ƙi tashi baka da hanyar gwada katin a wani injin ba tare da ruwa ba. Ga wanda ya san zai riƙe kati har ƙarshen rayuwarsa ba laifi.

Ya samu mai sayar da 6800 XT na zanen asali, da bulok na tagulla mai rufin nikel, da fankar asali a kwalinta har da notinta. Kafin kuɗi ya fita na bashi abubuwan da zai nema, kuma na dage a kansu saboda araha bata ado idan allo ya sha ruwa. Hoton allon ta gaba da baya a haske mai kyau, ana neman farin gari ko kore-kore a gefen ramin PCIe da wajen filogin wuta, alamar ruwa ya taɓa zuba kenan. Hoton cikin bulok ta gilashinsa, a ga ko nikel ya ɓare, ko siraran haƙoran da ke kan cif sun toshe da datti, ko akirilik ya tsage a bakin fitin saboda an ɗaure da ƙarfi. Tambayar wane irin ruwa aka zuba, domin ruwan nan masu kauri da launi kamar madara suna barin laka a ciki. Sai bidiyo na katin yana aiki da manhajar duba zafi GPU-Z ko HWiNFO a buɗe yayin da manhajar gwaji 3DMark ko wani gem mai nauyi yake gudu, ana kallon zafin gefe da zafin wuri mafi zafi a cif. Tazarar digiri goma sha wani abu zuwa ashirin abu ne da aka saba gani, idan ta kai talatin ko fiye to bulok bai zauna daidai ba ko fes ya bushe. Tambaya ta ƙarshe ita ce da wane ƙarfe aka yi bulok ɗin. Lagiretonsa na tagulla ne, kuma idan ka haɗa alminiyam da tagulla a ruwa ɗaya alminiyam ɗin zai fara cinyewa a hankali har ya toshe ko ya huda, akwai katunan da suka zo daga kamfani da bulok na alminiyam, don haka tambayar ba ta wasa bace.

Da katin ya iso bamu jefa shi cikin layin ruwa kai tsaye ba. An kwance bulok, an mayar masa da fankarsa da sabon fes, an gwada shi haka a injin, gem da gwajin memori na OCCT. Dalili shine idan katin yana da matsala gara a gani kafin a zubar da ruwa a lanƙwasa tiyo, kuma a lokacin mai sayarwa bashi da bakin cewa kai ne ka jiƙa shi. Direbobin Nvidia an share su da manhajar DDU kafin a saka na AMD, wannan matakin mutane suna tsallake shi sai su zo suna cewa katin ne yake faɗuwa. Shi kuma bulok an buɗe shi, an wanke haƙoransa da burushi mai laushi da tataccen ruwa, an duba robar zoben da ke hana yoyo. Fad ɗin memori da na kayan wuta an sayi sabbi daidai kaurin da takardar maƙerin ta faɗa. Wannan wajen a kula, kauri kala-kala ne, akwai 0.5, akwai 1, akwai 1.5 na milimita, kuma idan ka saka wanda ya fi kauri don kana ganin ya fi inganci zai ɗage bulok daga kan cif, memori su yi sanyi cif ya ƙone da zafi. Noti huɗu na kewayen cif ana ɗaure su ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba a gama ɗaya kafin a taɓa saura.

Tunda dole a zubar da ruwa, an sauke lagireto biyun an ɗauraye su, abin da ya fito daga ciki bayan shekarun nan ya isa ya nuna cewa da an haɗa haka da sabon bulok ɗin zai toshe. Maganar tiyo kuma na bashi shawara ya yi ɓangaren kati da tiyo mai laushi na baƙar roba EPDM maimakon sake lanƙwasa mai tauri, ya fi araha, kuma gaba idan za a sake canza kati yanka sabon gutsure kawai za a yi. Fitin ɗin mai laushi daban ne da na mai tauri, an sayi 'yan kaɗan. Ya tambaye ni ko sai ruwa ya fara ratsa lagireto kafin ya shiga kati, na ce kada ya wahalar da kansa. Lissafin a fili yake, ruwan da ke gudu lita huɗu a minti idan ya ɗauki zafin wat 300 kusan digiri ɗaya kawai yake ƙaruwa, don haka duk layin zafinsa kusan ɗaya ne, abin da ya zama dole kawai tanki ya kasance kafin famfo don kada famfo ya ja iska. An gwada yoyo da iska tukuna, sannan aka cika ruwa aka kunna famfo shi kaɗai ba tare da wuta ta shiga madabod ba, da tishu a ƙarƙashin kowane fitin.

Sakamakon, a gem ɗin da yake bugawa firem ya kusa ninkawa idan aka gwada da 1080 Ti ɗaya, wanda shine dama abin da yake samu a zahiri. Katin PCIe 4.0 ne a ramin 3.0 mai layi goma sha shida, asarar da ke nan ƙarama ce ƙwarai. Zafin cif yana zama a digiri arba'in da wani abu zuwa hamsin, fankoki suna juyawa a hankali domin lagireton da a da yake fama da wat 500 na katuna yanzu 300 yake ɗauka. Mun ƙara rage masa boltej kaɗan a manhajar Adrenalin, gudun bai ragu ba amma cin wutar ya sauka, kuma wannan ya fi min obakulok, wato ƙara wa kati gudu, daraja, saboda ruwa ba ya ɓatar da zafi, kwashe shi yake daga kati ya zuba a ɗaki, duk wat ɗin da ka rage kai da kake zaune a wajen ne zaka ji sauƙinsa.

Sayar da tsofaffin ya tabbatar da lissafin ta ɗaya gefen. Fankar asali ta kati ɗaya ce kawai ya adana, ta ɗayan ta ɓace a wajen tashi daga gida zuwa gida. Wanda aka mayar wa fankarsa ya fita da wuri kuma a farashi mai kyau, domin 1080 Ti har lokacin yana da masu nema. Mai bulok ya daɗe babu mai tayawa, daga ƙarshe ya tafi ƙasa da ɗan uwansa duk da cewa an kashe masa kuɗi fiye, bulok ɗin da aka cire daga na farkon kuma kyauta aka haɗa wa mai sayen don ya ɗauka. Da aka tattara komai, kati da bulok da fad da ruwa da fitin, aka cire kuɗin tsofaffin, abin da ya fita daga aljihunsa bai kai kuɗin sabon 4070 Super shi kaɗai ba, balle a ce da bulok. Abin da ya bayar a madadin shine garanti da DLSS da ƙarancin cin wuta, kuma ya san da haka kafin ya biya. Da a ce yana aikin da ke buƙatar CUDA ko yana yaɗa gem kullum, da 3080 mai 12GB ko 3090 na hannu da bulok zan tura shi, hanyar lissafin dai ita ce.

Fankar 6800 XT ɗin yanzu tana cikin kwalinta, notinta a leda an rubuta na inda kowanne yake, an kuma rubuta kaurin fad ɗin da take buƙata. Abin da ya rage a injin shine furosesa, a wasu gem ɗin HWiNFO yana nuna katin ba ya cika aiki ɗari bisa ɗari saboda 8700K ya kai iyakarsa. Wannan canjin zai zo da sauƙi ta fuskar ruwa, domin bulok ɗin furosesa ba a ɗinka shi wa allo ɗaya kamar na kati. Nasa na soket LGA1151 ne, ramukansa ɗaya da na LGA1200, amma idan LGA1700 ko AM5 zai koma sai ya fara duba ko maƙerin yana sayar da ƙarfen ɗauri na wannan soket ɗin kafin ya zaɓi madabod.